Ɗigo Biyu da Ludayin Mma Adiza

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Sunana Saude, amma a gininmu na Park Hill, nan ƙasar Turawa, an fi sanina da Maman Ikram. Ni ba mai dogon karatu ba ce, a aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya, don haka wadda ta ga rubutun ya karkace ta miƙe shi a ranta. Alkawari na ɗauka tun ina kwance, cewa in Allah ya tashi kafaɗata sai na faɗa wa mata abin da ya same ni, ko da za a yi mini dariya. An ma riga an yi, wasu a gabana.

Abin ya faro ne bayan na yaye Ikram. Da can al'adata kwana shida take yi, da ciwon mararta da ɓacin ranta, ba ta saɓa alkawari. Bayan yaye sai ta koma kwana uku. Wani watan biyu. Daga nan ta zama irin baƙon da zai leƙo ƙofa ya ce a gaida mutan gida ya juya: ɗigo biyu da hantsi, kafin magariba babu ko alama. Ledar audugar da nake ƙararwa a wata guda sai ga ta tana ta kallona a banɗaki ko rabi ba ta yi ba.

Ni kuma Allah ya yi ni da tsoro. Tun ina yarinya, in kaza ta yi tari a gidanmu ni ce ba na barci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mahaifata ta bushe. 'Ya ɗaya tak, ko talatin ban kai ba, a ce an tashi kasuwa. In na ga Ikram a tsakar ɗaki ita kaɗai tana yi wa 'yar tsana faɗa da Turanci, sai in ji hawaye na bin kumatuna.

Akwai wasu abubuwa da ban haɗa su da wancan ba. Zafi nake ji a tsakiyar hunturu. Dusar ƙanƙara na zuba a waje, ni na buɗe taga ina fifita da murfin tukunya. Ga ci kamar gara, amma zani sai ƙara zagaye ni yake. In zan zuba shayi rabi a kofi rabi a tebur, don hannu rawa yake. Zuciya kuwa ko a zaune nake dukan uku-uku take. Na ce duk tsoron ne.

Maigidana, Baban Ikram, direba ne, daga asuba yana ɗaukar fasinja sai bayan isha yake shigowa. Mutumin kirki ne, sai dai tun da muka yi aure bai taɓa jin kalmar al'ada a bakina ba, ni ma ban taɓa ji a nasa ba. Darduma ce ke ba shi labari. In ya ga ta kwana shida a naɗe, ya san inda aka kwana. To yanzu fashin sallar nawa na yini guda ne, azahar da la'asar, lokacin yana can cikin cunkoson Manhattan. Kafin ya dawo na yi wanka na ci gaba da sallata. Wata da watanni yana ganin darduma a shimfiɗe, ga mace tana cinye tuwon mutum uku, tana gumi, tana kuka ba dalili.

Wata Juma'a ya shigo da kankana da madara kwali biyu, yana murmushi shi kaɗai. Ya ce, "Saude, daga yau kar ki ƙara sauka da kayan wanki, ni zan riƙa kaiwa." Na ce Allah ya saka da alheri. Ban gane karatun ba sai washegari, da surukata Hajiya ta bugo daga Kano.

"Saude, ashe abin arziki ya samu shi ne ake ɓoye mini? Allah ya raba lafiya. Na ma yi mafarki, namiji ne. Ki rage tsugunno, kuma ki daina hawa wannan jirgin ruwan naku."

Na ce, "Amin, Hajiya." To me zan ce? Da wane bakin ake gaya wa suruka babu ciki, jini ne ya ƙi zuwa? Ina ajiye waya na ruga kemis na sayo tsinken gwaji har uku, ko Allah zai sa mafarkin Hajiya ya fi jikina gaskiya. Duka ukun layi ɗaya suka nuna.

A ɗakin injin wanki na ƙasa na fashe wa Mma Adiza da kuka. Maƙwabciyata ce ƙofa da ƙofa, 'yar Zangon Kumasi, a shekaru ta haife ni. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ta daɗe tana jinyar wata tsohuwa Ba'indiya a Queens, shi ya sa a gininmu ake mata kallon rabin likita. Ta saurare ni tana ninke zanin gado.

"Ciki ne ya kwanta," in ji ta. "Ko kuma jini ya daskare, ƙasar nan komai daskarewa yake. Ko wanne ne, Indiyawa na da maganinsa. Kin taɓa ganin waɗanda suka fi su haihuwa?"

Ban taɓa gani ba. Ranar hutunta muka kai Ikram makaranta muka kama hanya: bas zuwa St. George, feri, wato jirgin ruwan nan, zuwa Manhattan, sannan jirgin ƙasa zuwa Queens. A cikin ferin na samu kaina na ƙanƙame kujera ina tuna gargaɗin Hajiya, ina tsoron kar ruwa ya girgiza cikin da ni kaina na san babu shi.

Mai maganin, wata Ba'indiya, a saman wani kantin sari take, wato zannuwan matan Indiya. Dattijuwa ce mai furfura da tabarau, ɗakinta na ƙamshin turaren tsinke. Ayurbeda ake ce wa irin maganinsu, na gargajiyarsu ne, sai dai nasu har makaranta ake shiga a karanta. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna tana jin bugun jinina. Ta sa na fito da harshe. Ta tambayi barcina da cin abincina har da fitar bayan gida. In faɗi gaskiya, tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya zauna ya saurare ni kamar ta. Sai ta shiga dogon bayani da Turanci tana kaɗa kai. Ta taɓa wuyanta, ta nuna nawa, kuma da kunnena na ji ta ce dakta har sau biyu. Mma Adiza ce tafintata.

"Me ta ce, Mma?"

"Ta ce sanyi ne."

"Duk wannan maganar?"

"Indiyawa akwai dogon zance. Ba kya kallon fim ɗinsu?"

Aka haɗo mini magani a leda: baƙin riɗi, da hulba, da citta, da kirfa, da wani dunƙulen jan sukari. Na kai shi hanci na sansana. Mazarƙwaila ce. Wai a soya riɗin a narka mazarƙwailar a haɗa a dunƙula. 'Yan uwa, kantu ke nan. Kantun da muke saye a ƙofar islamiyya da canjin aike, shi na tsallake ruwa na biya wa dala tamanin. Matar ta ɗaga ƙaramin cokalin shayi ta nuna mini, ɗaya da safe ɗaya da yamma, hulbar ma a jiƙa cikin cokali guda.

Da muka sauko, Mma Adiza ta tsaya a kantin ƙasa ta ɗauko wata kwalbar garin saiwa, ashwaganda sunanta. Ta ce tsohuwar da take jinya ita take sha, ga ta nan ta tsufa tukuf amma har yau da ƙarfinta take zagin jikoki. Na ce ai matar sama ba ta ba mu wannan ba. Ta ce mantawa ta yi.

A gida na ɗauko cokalin shayi, Mma ta zare shi daga hannuna.

"Wannan awon Indiyawa ne, ɗiyata. Su ganye suke ci. Ke da aka yaye ki da tuwon dawa, me cokalin shayi zai yi miki?"

Ta shiga ɗakinta ta fito da ludayin miya.

Satin farko ban ga laifin jinyar ba. Kantu dai kowa ya san daɗinsa, ni da Ikram muka sa shi a gaba. Baban Ikram ya gan mu ya yi dariya ya ce kwaɗayin ya fara ke nan, ya tambayi inda ake sayarwa ya ƙaro. Ruwan hulba ludayi da safe ludayi da yamma, garin kwalbar nan kuma a madara.

A sati na biyu ƙamshi ya fito. Ashe hulba ta gumi take fita, ni kuwa gumi ne sana'ata a lokacin. Ikram ta cusa hanci a hammatata ta ce Momi tana ƙamshin fankek, wainar nan ta Turawa. A bas wani tsoho ya dinga waiwaye yana neman wanda ya shigo da karin kumallo. Karen wata mata ya bi ni cikin lif yana lasar gefen abayata, sai da na je na wanke ta.

Yayata Habi ita kaɗai na faɗa wa gaskiya a gida. Ta ce in bar biye wa Indiyawa, kunun kanwa ne maganin jinin da ya maƙale, in kuma riƙa zama a ruwan bagaruwa mai zafi. Ban bar na Indiyawan ba, na dai ƙara da nata. Mma Adiza da ta ji an shigo mata fage sai ta kawo ɗanyar gwanda ta ce a markaɗa a sha. Hajiya kuma duk sati sai ta bugo.

"Ya mai jiki biyu? Ya fara motsi?"

"Yana motsi, Hajiya."

Ban yi ƙarya ba. Wanda ya haɗa kanwa da ɗanyar gwanda da ludayin hulba, cikinsa motsi yake kamar injin markaɗe.

Sati na uku lokacin al'ada ya zo. Na zauna jiran ambaliya. Ɗigo ɗaya aka gani, wato an ma rage mini. Mma ta ce alamar nasara ce, magani ne ya kama kokawa da ciwo, a ƙara ludayi. A satin nan ne Baban Ikram ya sayo gadon jariri na hannu, ya ɗauro shi a saman mota. Lif ya lalace, ya hau da shi bene a kafaɗa yana haki. Ya zauna a ƙasa yana ɗaure kusoshi yana tambayar Ikram wane suna za a sa wa ƙaninta. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar a ji ni. Nan kam babu abin dariya.

Sati na huɗu abin ya kai ni ƙasa. Ina kicin da hantsi zuciyata ta kama bugu kamar kalangu, kofi ya suɓuce. Na zauna a kan tayil ina jin bugun har cikin kunne. Ikram ta tsaya a bakin ƙofa da 'yar tsanarta tana kallona. Na buga bango da ludayin nan, don shi ne kusa da hannuna, Mma Adiza ta shigo a guje. Ita ta kira Baban Ikram, ya sauke fasinja a hanya ya zo ya kwashe mu. Muna shiga asibiti ya dafa teburin karɓar marasa lafiya ya ce da ƙarfi matarsa ciki gare ta.

Sunan wurin ɗakin gaggawa, amma ban ga mai gaggawa ba sai masu ciwo. An dai manna mini wayoyi a ƙirji da wuri, aka ɗebi jini da fitsari, daga nan sai jira. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Wani mai karaya a gefena ya ci abinci sau biyu a gabana. Da aka shigar da mu ɗan ɗaki mai labule, nas ta kira tafinta a waya ta ajiye a kan tebur. Namiji ne, da Hausar Nijar, muryarsa irin ta limamin Juma'a.

"Malama, suna tambaya yaushe rabonki da ganin jinin wata, kuma yaya yawanshi?"

Ga mijina a dama, ga limami a waya. Na ce, "Ka ce musu kaina ke ciwo."

"Malama, ba kai suka tambaya ba."

Allah ya taimake ni likita ta shigo. Yarinya ce ba ta girme ni sosai ba, kuma ita ma Ba'indiya. Baban Ikram ya gyara zama ya tambaye ta cikin wata nawa ne, kuma yaron lafiya? Ta duba takarda, ta dube shi, ta ce babu ciki. Wannan ko ni ban nemi fassara ba. Baban Ikram ya juyo ya dube ni.

"Saude."

"Na'am."

"Wata nawa ba ki fasa sallah ba."

"Ina fasawa. Kana Manhattan."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai me ya hana ka tambaye ni kafin ka buga Kano?"

Wayar da ke kan tebur ta yi gyaran murya. "In fassara ma likita wannan?"

Muka ce a'a a tare.

Likitar ta lalubi wuyana, ta sa na haɗiyi yawu. Ta ce in miƙa hannuwa, ta ɗora takarda a kai, takardar ta kama rawa kamar ganye. Sai ta faɗi kalmar da har in mutu ba zan manta ba: tayirod. Wani ɗan abu ne a gaban wuya, wai siffarsa kamar malam-buɗe-littafi, shi ke tsara saurin da jiki zai yi aiki. Nawa ya wuce ƙa'ida. Shi ya kawo zafin, da cin, da ramar, da bugun zuciyar, kuma shi ya rage jinin. Baban Ikram ya gyaɗa kai ya ce, "Totur ne ya maƙale." Tun da aka ce babu ciki sai a nan ya samu abin da ya gane.

Na rufe ido na cire kunya na ce wa limamin waya ya tambaye ta ko mahaifata ta bushe. Ta ce ba abin da ya bushe, ba abin da ya daskare, kuma jinin da bai fito ba ba taruwa yake a ciki ba, jikin ne bai haɗa shi da yawa ba tun farko. Na sa ya maimaita mini sau biyu.

Ta tambayi ko ina shan wani abu. Mma Adiza, wadda ke riƙe da Ikram a bayan labule, ashe kafin mu fito ta kwashe komai ta zuba a keken cefanenta. Ta turo shi ciki ta fara jerawa a kan gado. Likitar ta ga kantu ta yi murmushi, ta ce kakarta ma tana yi musu lokacin sanyi, in ci abina a matsayin alawa. Kanwa ta ce a bari. Ta ɗaga kwalbar garin saiwar nan ta ce wannan ga mai irin ciwona tana iya ƙara taka totur, kar in sake taɓawa. Ta tambayi nawa nake sha. Na haɗa tafin hannuna biyu na nuna mata. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Sai ta ce tana mamaki, mai Ayurbedar da ta san aikinta in ta ji irin wannan bugun ai asibiti za ta tura mutum. Ba ta ce in je a gwada jinina ba? Na juya na kalli Mma Adiza. Mma ta kalli silin.

"Ta ɗan taɓa zancen," in ji ta. "Ni na ga asibitin ƙasar nan, ka shiga da ciwo ɗaya su nemo maka uku."

Kwana ɗaya na yi aka sallame ni da ƙwayoyi ƙanana kamar tsabar gero. Duk wata sai na koma a ɗebi jini, a bi layi, a jira. Inshora ta ɗauki mai yawa, sauran har yau takardunsa na zuwa, kuma ba su taɓa ɓatan hanya ba. Abin da ya fi ba ni haushi, likita ta ce kar in kuskura in ɗauki ciki sai tayirod ya daidaita. Ni da na sha ɗanyar gwanda don neman haihuwa, ni aka zaunar ana koya wa dabarar jinkirta ta.

Kiran Kano kuwa na ce wanda ya kai labari shi zai je ya ɗauko abinsa. Baban Ikram ya sauka ya shiga mota ya rufe gilashi ya yi wayarsa. Jim kaɗan Hajiya ta bugo mini, na ɗauka.

"Saude, ashe ciwo kike ta fama da shi ke kaɗai? Ki bar ni da wancan. Tun yana yaro haka yake, ba a sauke tukunya ba ya tara mutane cin abinci. Ki sha maganinki. Haihuwa ta Allah ce, ke muke so tukuna."

Na yi kuka, mai dalili.

Mma Adiza kuma ba zan ci amanarta ba. Hannun da ya miƙo mini ludayi shi ya yi mini girki da wanki sati uku, shi ya riƙa kai Ikram makaranta yana ɗaukowa, bayan ta kwana tana juya tsohuwar mutane a Queens. Ina jin haushinta ina cin shinkafa da wakenta. Allah ya biya ta, ya kuma raba ta da aikin tafinta.

A hankali zuciya ta lafa. Barci ya dawo. Wata safiya na fita bakin titi na ji wani abu ya ratsa ni har ƙashi, na tsaya ina tunanin menene wannan, ashe sanyi ne. Na koma na ɗauko rigar sanyin da na manta ina da ita. Al'ada dai ta ci gaba da leƙe, sai dai leƙen ya ɗan fara daɗewa, kwana biyu, biyu da rabi. Ni kuma kullum da guntun tsorona: in likita ta faɗa ne kawai don ta kwantar mini da hankali fa?

Da zafi ya shigo aka yi suna a Tremont, 'yar ƙanwar Mma Adiza ce ta haihu. Ankon farin leshi aka fitar, mai tsada, na matsa wa Baban Ikram sai da ya saya. Muna zaune falo cike da mata, ana ta ci ana guɗa, na miƙe zan je in ga jariri. Mma ta fizgo ni ta zaunar. Ta cire gyalenta ta ɗaura mini a ƙugu, ta tasa ni a gaba har banɗaki.

Ba ɗigo ba ne. Tsohuwar al'adar tawa ce ta dawo da kayanta, har da ciwon marar da na shekara ban ji ba. Na fito da sauri don in samu inda ya halatta in yi hamdala, na tsaya a lungu na ɗaga hannu, da gyalen mutane a ƙugu da leshi a ɓace. Ina jiyo Mma a falo tana gaya wa mata, "Riɗi ne. Aikinsa a hankali yake."

Kwana shida ta yi. Watan da ya biyo ma haka. Likita ta ce in gwaji ya ci gaba da kyau, nan gaba kaɗan za ta ba mu hanya, sauran kuma na Allah ne.

To 'yan uwa, wadda ta ga jininta ya ragu, musamman in da zafi da rama da bugun zuciya, ta je a gwada jininta kafin ta fara jiƙe-jiƙe. In za ki wurin masu maganin gargajiya, namu ko na Indiyawa, ki tafi da tafintar da ba ta da ra'ayi, kuma abin da aka ce cokali ki bar shi a cokali. Mijinki kuma ki buɗe baki ki faɗa masa, kunyar minti ɗaya ce. Ku sa ni a addu'a, Allah ya ba duk mai nema, ya ba marasa lafiya lafiya.

Saura leshin. Na jiƙa, na wanke, na sa gishiri, na sa lemon tsami, har yanzu da sauran shaida. Wadda ta san abin da ke fitar da shi ta taimaka ta faɗa mini. Amma don girman Allah, kar kowa ya ce in sha wani abu.